Kwamfuta ta ce 780, hannuna ya ce 1,145: wanne zan ɗora wa dekin?

Sabon Injiniya:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina da matsalar da ta hana ni barci kwana biyu, don Allah a duba min. Gini ne a nan Kano, ƙasa shaguna da wurin ajiye motoci, sama hawa huɗu na gidajen haya. Mai ginin ba ya son filoli su cushe masa shaguna, don haka a ƙasa tazarar fila mita 8 ce ta nan, mita 9 ta can. A sama kuwa ɗakuna ne, tazarar mita 4 da mita 4.5. Ke nan cikin kowace fila huɗu ta sama, ɗaya ce kawai ta hau kan 'yar'uwarta ta ƙasa, sauran ukun a kan dekin aka dasa su. Dekin miƙa nauyi dai, wanda muke ce wa tiransifa. Na ba shi kaurin milimita 700, filolin ƙasa kuma 600 da 600.

Na zuba ginin gaba ɗaya a kwamfuta, ta ce filar da aka dasa a tsakiyar fili tana sauke kN 780 a kan dekin (kN ma'aunin nauyi ne, kN 10 kusan tan ɗaya). Da na zauna da biro da takarda sai na samu 1,145. Ga yadda na bi. Kowace fila ta sama tana ɗaukar fili 4 sau 4.5, wato murabba'in mita 18. Dekin sama kaurinsa 150, a kan kN 24 duk mita kubik ya ba ni 3.6, na ƙara 1.5 na tayil da shafen ƙasa da silin, ya zama 5.1, sau 18 ya kama 92. Bangon bulo inci tara da filasta ciki da waje na ɗauke shi 3.5 duk murabba'in mita, tsayi 2.7, tsawo 8.5, kusan 80 ke nan. Bim 14, ita kanta filar 7.5. Hawa ɗaya 193, hawa uku 580, dekin rufi 114, jimillar nauyin dindindin 694. Nauyin mutane da kayansu 1.5 sau 18 sau huɗu, 108. Da na ninka na farko da 1.4, na biyu da 1.6 yadda BS 8110, ƙa'idar Birtaniya ta lissafin ginin kankare, ta ce, sai ga 1,145. A ina na yi kuskure?

Ɗalibi:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni dai a ganina kwamfuta ta fi daidai, tunda tana kallon ginin duka a lokaci guda. Lissafin hannu ai ƙiyasi ne.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, ba ka yi kuskure ba. Riƙe 1,145 ɗinka da kyau, har ma ka ƙara a kai. Zan dawo bayan la'asar in yi bayani.

Malamin Kwaleji:
Kafin Baba ya dawo bari in ɗan share fage. Ɗalibi, abin da ka faɗa a matsayin hujjarka shi ne ainihin ciwon: tana kallon ginin duka a lokaci guda. Ita kwamfuta, in ba ka gaya mata ba, tana ɗauka an gama ginin tsaf ba shi da nauyi ko na gashin kaza, sannan rana ɗaya aka sakar masa nauyinsa duka. A wannan hoton nata, da zarar dekin tiransifa ya fara lotsawa a tsakiya, filar da aka dasa ta bi shi ƙasa, sai bim ɗin benayen sama duka su riƙe ta kamar mutum huɗu sun riƙe wanda zai faɗa rijiya. Su ne suka kwashe ragowar nauyin suka kai wa filolin da ke da 'yan'uwa a ƙasa. Nauyin bai ɓata ba. Injiniya, je ka duba waɗancan filolin, za ka tarar ta ba su fiye da rabonsu, kuma in ka duba bim ɗin da ke manne da su za ka ga ta cika musu rodi ta sama fiye da kima.

To amma haka ake gini? Ranar da aka zuba dekin hawa na biyu, ɗanyen kankare ne, ba ya riƙe komai, shi ake riƙewa. Turakunsa a kan tiransifa suke tsaye. Babu hawa na uku balle na huɗu da za su taimaka. Kowane hawa yana zuwa ne a matsayin kaya tukuna, sai daga baya ya zama mai ƙarfi.

Sabon Injiniya:
Wallahi Malam haka ne. Yanzu na duba, filar da ke kan ta ƙasa an ba ta sama da 1,700. Jiya na ga lambar amma ban kawo komai a raina ba.

Hajiya Injiniya:
Ina so in ɗan yi wa kwamfutar adalci, don kada matasa su fita daga nan da cewa kayan banza ce. Abin da ka ba ta shi ta dafa maka. A cikin manhajar lissafin gini ta ETABS akwai hanyar da za ka gaya mata jerin yadda za a yi ginin, hawa bayan hawa, ta lissafa kowane mataki daban. In ka yi haka lambar za ta matso kusa da ta hannunka. Hanya mafi sauƙi ma ita ce ka raba ginin biyu: ka yi na sama shi kaɗai, ka kafe ƙafafun filolin kamar a kan dutse suke, ka kwashi abin da kowace ta sauke, sannan ka ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan dekin a wani lissafi daban. Ni haka nake yi, sai in kwatanta da na ginin gaba ɗaya, kowane sashe in ba shi wanda ya fi tsanani. Dekin ya ɗauki lambar da ba a taimaka masa ba, bim ɗin sama kuma su ɗauki lambar da suka taimaka, domin bayan shekaru kankare zai ci gaba da saki a hankali, kuma a lokacin lallai za su ji a jikinsu.

Baba Mai Ritaya:
Na dawo. Malam da Hajiya sun rage min aiki, Allah Ya saka. Saura abin da na ce a ƙara.

Lissafin fili 4 sau 4.5 yana ɗauka kowane bim ya raba kayansa biyu daidai, rabi nan rabi can. Bim mai bin filoli da yawa a jere ba ya haka. Filar farko ta ciki, wadda ke bin ta gefe, takan sha fiye da rabonta, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Don haka a wannan layin ni 1,300 zan rubuta.

Na biyu, ɗana, ina tankin ruwa? Ban gan shi a lissafinka ba. Gidajen haya hawa huɗu a Kano ba tanki a sama? Lita dubu tan ɗaya ce. Tanki biyu masu lita 5,000 kN 100 ne tun kafin ka ninka da komai, kuma mai famfo ba zai tambaye ka inda zai ajiye su ba, inda bututunsa ya fi gajarta nan zai kafa. Bayan tanki akwai sola da baturanta. Ka zaɓa musu wuri a zane tun yanzu, a kan filar da ke da 'yar'uwa a ƙasa, ka rubuta da manyan baƙaƙe.

Abin da ya sa nake dagewa kan biro da takarda: a 1986 wani otal mai hawa shida ya rufta a Singafo, Hotel New World, mutum 33 suka mutu. Da aka bincika sai aka tarar a lissafinsa an saka nauyin mutane da kaya, amma an manta da nauyin ginin kansa. Shekaru ya yi a tsaye yana tsattsagewa, ana ta ƙara masa kaya a rufi, har ranar da ya gaji. Tun ina aiki, duk yaron da ya kawo min zane sai ya fara nuna min shafi ɗaya da ya sauko da nauyi daga rufi har ƙasa da hannunsa.

Sabon Injiniya:
Na gode Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Tankin kam na manta shi. Tambaya ɗaya: BS 6399, ƙa'idar nauyin da ake ɗora wa gini, ta yarda a rage nauyin mutane in fila tana ɗauke da hawa da yawa, hawa huɗu kashi 30. In yi amfani da shi?

Baba Mai Ritaya:
Lissafa ka gani. Kashi 30 na 108 kusan 32 ne, sau 1.6 ya zama 52. Cikin 1,145 bai kai kashi 5 ba. A gininmu bulo da kankare su ne kayan, mutane ba su da wani nauyi. Bar shi a matsayin guzuri.

Injiniyan Yamai:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar yawanci da ƙa'idar BAEL 91 ta Faransa muke aiki, muna ninkawa da 1.35 da 1.5, nauyin kankare kuma kN 25 duk mita kubik muke ɗaukarsa. Na gwada da lambobinku, 694 sau 1.35 da 108 sau 1.5, na samu wajen 1,100, in an gyara nauyin kankaren sai ya ƙara matsowa. Ke nan ko ta wace hanya aka bi ba za a sauko 780 ba. Amma ni abin da ke damuna ba wannan filar ta sama ba ce. Wa ya duba ta ƙasa, ko za ta huda dekin?

Sabon Injiniya:
Na fara, ranka ya daɗe. Kowace fila ta ƙasa tana ɗaukar 8 sau 9, murabba'in mita 72. Filolin sama huɗu 4,580. Shi kansa dekin 0.7 sau 24 ya ba ni 16.8, da 1.5 na tayil, sau 72 ya zama 1,318, bangon da ke kansa 320, mutane 108. Bayan ninkawa 2,466. Jimilla kusan 7,050.

Hajiya Injiniya:
7,050 daidai ne ga filar ƙasa da harsashinta. Amma wajen huda cire guda ɗaya. Filar saman da ta hau kan ta ƙasa kai tsaye nauyinta wucewa yake ta cikin kankaren ya sauka, ba ya ratayuwa a jikin dekin. Saura uku, 3,435, da 2,466, ya zama 5,900. Ninka da 1.15 na filar ciki, 6,790. Kewayen fila 600 sau huɗu, 2,400. Zurfin aiki a dekin 700, bayan an cire murfin kankare da kaurin rodi, bai wuce 630 ba. Raba ka gaya mana.

Sabon Injiniya:
4.49. Iyakar BS 8110 a fuskar fila 0.8 sau tushen ƙarfin kankare, a kan kankare mai ƙarfin 30 ya kama 4.38. Innalillahi. Ya wuce.

Hajiya Injiniya:
Ya wuce, kuma wannan iyakar ba a gyara ta da ringi. Ko ka cika wurin da ƙarfe ba ta motsawa, don kankaren ne kansa zai murƙushe. Sai dai ka faɗaɗa fila, ko ka ƙara kaurin dekin, ko ka yi wa filar hula a kanta, ko ka ɗaga ƙarfin kankare. Kuma ka lura da 1,145 muka yi, ba mu sa ƙarin da Baba ya faɗa ba, ba mu sa tanki ba. Da ka bi 780 da lambar ta fito ƙasa da iyaka, ka sa hannu hankali kwance.

Gwada dekin 800 da fila 750. Ni na samu 3.25 a fuskar fila. A kewaye na biyu, wanda ke nesa da fuskar da zurfin aiki sau ɗaya da rabi, na samu kusan 0.83, kankaren shi kaɗai kuma wajen 0.5 zai iya, ya danganta da yawan rodin sama. Don haka ringi dole ne, layi-layi har sai ka fita inda ba a bukatarsa.

Ɗan Kwangila:
Injiniyoyi ku yi haƙuri in sa baki, mu ne masu zubawa. Kuna ta ƙara milimita ɗari kamar ana ƙara gishiri a miya. Ginin nan in na fahimta zai kai mita 16 da 27. Dekin 800 a wannan fili ya haura mita kubik 340. Kun san buhun siminti nawa ke nan a farashin yau? Mai gini zai ce wancan injiniyan na bayan layi ya yi wa maƙwabcinsa da 400 kuma ga shi nan a tsaye. Ni na sha ganin haka, kuma aikin sai ya koma hannun wanda ya faɗi ƙaramar lamba.

Baba Mai Ritaya:
Alhaji, gaskiyarka ta kasuwa gaskiya ce, ba na musu. Amma tsayuwar ginin maƙwabci ba shaida ba ce. Lanƙwasa tana ba da sanarwa: tsaga ta fito, ƙofa ta ƙi rufuwa, tayil ya ɗaga, mutane su ankara. Huda ba ta sallama. Fila ta ɓulla ta cikin dekin, kayanta su koma kan maƙwabciyarta wadda ita ma dama a cike take, ita ma ta ɓulla. A Seul ta Koriya ta Kudu, kantin Sampoong ya tsaya shekara biyar ana ciniki a ciki kafin ya rufta a watan Yuni na 1995, mutum 502 suka rasu. Dekin ne marar bim a kan filolin da aka rage musu kauri, aka ƙara hawa na biyar, aka ja manyan injinan sanyaya ɗaki a kan rufi. A nan kuma dekin guda ɗaya ne ke riƙe da gidaje hawa huɗu, ƙarƙashinsa 'yan kasuwa da masu sayayya.

Ɗan Kwangila:
Allah Ya kiyaye. Ni ba cewa na yi a rage ba Baba, cewa na yi a nemo hanyar da mai kuɗin zai iya ɗauka.

Mai Zane:
Tunda an zo nan bari in kare kaina, don na san a zuci ana cewa masu zane ne ke jawo wannan. Shago mai faɗin mita 4 da fila a tsakiyar ƙofa ba ya samun ɗan haya mai kyau, mota kuma ba ta juyawa a tsakanin filoli masu tazarar 4.5. Bukatar gaskiya ce. Amma Alhaji ya yi tambaya mai kyau. Tunda layukan sama da na ƙasa sun dace, me zai hana a yi manyan bim a kan layukan, a bar dekin 200 a tsakaninsu?

Malamin Kwaleji:
Zai yiwu, kuma a irin wannan ginin ni shi zan fara gwadawa. Bim mai zurfin mita 1.2 ko fiye, nauyi ya san hanyarsa, lissafinsa a fili yake, mai ɗaurin rodi ya saba da shi, kankaren da za a ci kuma ya ragu sosai. Filar tsakiya za ta zauna a kan bim da ke zaune a kan wasu bim biyu, don haka a kula da rodin rataya a mahaɗarsu. Kuɗin da za a biya shi ne tsayi: sai an ɗaga hawan ƙasa, matakala ta ƙaru, bututun ban-ɗaki kuma sai sun sami hanyar wucewa. Dekin mai kauri yana da amfani ne inda filolin sama suka warwatse ba su bin layi.

Sabon Injiniya:
To a nan ne matsalar take Malam. Yawancinsu suna bin layi, amma wajen matakala akwai guda biyu da aka gusar, ɗaya tana da nisan milimita 900 kacal daga fuskar filar ƙasa. Na ɗauka wannan ma sauƙi ne tunda tana kusa.

Mazaunin Ingila:
Tun ɗazu ina karatu ban ce komai ba, amma wannan ta 900 ita ce ta tashe ni. Ƙanena, ita ce mafi haɗari a ginin nan gaba ɗaya. A nan Birtaniya maganar dekin tiransifa ta yi zafi a 'yan shekarun nan, har ƙungiyar injiniyoyin gini ta IStructE ta fitar da jagora a kansa a 2024, kuma babban abin da ake jan kunne a kai shi ne irin wannan filar.

Duba yadda abin yake. Lissafin huda da muka koya yana ɗauka nauyi na zuwa wa fila daga kowane ɓangare kusan daidai, shi ya sa muke raba shi a kan kewayen duka, mu ɗan ƙara 1.15. To ka dasa fila mai kN 1,200 a taku ɗaya daga gefe guda. Wannan nauyin ba zai zagaya ta bayan filar ƙasa don ya yi adalci ba, ta gajeriyar hanya zai bi, ta fuska ɗaya. Ɗan guntun kankaren da ke tsakaninsu shi zai sha duka, sauran fuskoki ukun suna hutawa. Kai kuma a takarda ka raba shi huɗu ka ce lafiya lau.

Akwai tarko na biyu. Da zurfin aiki 725 na dekin 800, kewayen BS 8110 yana nisan kusan 1,090 daga fuskar fila, na ƙa'idar Turai Eurocode 2 kuma 1,450. Filarka tana 900, wato ta faɗo cikin da'irar. Ƙa'idar ta yarda a cire nauyin da ke cikin da'ira, sai mutum ko kwamfuta ya cire 1,200 ɗin ɗungurungum kamar babu shi. Dole ka ja wani kewayen da ya ratsa tsakanin filolin biyu, ka duba guntun nan shi kaɗai kamar gajeren bim mai faɗi kaɗan, ko ka bi hanyar turke da ɗauri: nauyin ya gangara a karkace ta cikin kankare, rodin ƙasa da na sama su riƙe shi kada ya buɗe. Kuma kar ka karanta matsakaicin lamba daga hoton kwamfuta mai launi-launi, ka yanka layi a daidai wurin ka ga abin da ke wucewa.

Mai Zane:
In 900 ɗin ce matsala, a turo min. Ina ganin zan iya juya ƙofar ban-ɗakin in mayar da filar kan ta ƙasa. Gara in sake zane kwana ɗaya.

Mazaunin Ingila:
Wannan shi ne maganin da ya fi kowane lissafi arha, Allah Ya yi albarka.

Ɗalibi:
Na janye maganata ta farko. Amma don Allah, lotsawa fa? A makaranta rabon tsawo da zurfi kawai muke dubawa.

Hajiya Injiniya:
Wannan rabon an yi shi ne don dekin da ke ɗauke da nauyi shimfiɗaɗɗe, ba mai filoli a ka ba. A nan sai an lissafa lotsawar kanta, da kankaren da ya riga ya tsage, da sakin da zai yi na shekaru, wanda kan kai ninki biyu zuwa uku na abin da aka gani ranar cire katako. Iyakar da aka saba bayan an yi bango ita ce tsawo bisa 500 ko milimita 20, wanda ya fi ƙanƙanta. A mita 9, 18 ke nan. Ni a tiransifa nakan matse fiye da haka, saboda duk milimitar da ya sauka, filar da ke kansa ta sauka da ita, hawa huɗu duka su bi. Na taɓa shiga wani gida da aka kira ni dubawa, tsaga ɗaya ce a karkace daga kusurwar ƙofa, na hau sama na tarar da ita a daidai wurin, na ƙara hawa na sake tarar da ita. Matar gidan ta ce sau uku ana toshewa tana dawowa, ƙofar ɗakinta kuma kafinta ya fere ta har ta gaji. Da muka sauka ƙasa muka ɗora igiya a ƙarƙashin dekin, sai ga cikinsa ya sauko. Shawara ɗaya mai sauƙi: a jinkirta bulo da tayil na hawan farko har sai an gama zuba na sama.

Ɗan Kwangila:
To bari in faɗi nawa ɓangaren, tunda na ga da gaske kuke. In dekin 800 za a yi, ɗanyensa kusan tan biyu ne a kowane murabba'in mita, ban da lebura da katako. Gora ba za ta ɗauka ba, sai turakun ƙarfe, a jere kusa-kusa, a ɗaure su da juna. Kuma kar a kafa su a kan cikon jar ƙasa, a fara zuba jamani ya bushe. Na ga inda ruwan da ake shayar da katako ya jiƙa ciko cikin dare, turaku suka nutse, da safe dekin ya yi ciki tun bai bushe ba.

Sannan mita kubik 340 ba aikin ƙaramin injin kwaɓa da kwano ba ne. Sai motocin kankare da famfo, a fara da yamma a kwana ana yi, musamman in zubin ya faɗo a watan Afrilu da zafi ke haura 40. Kankare mai kauri yana dafa kansa daga ciki, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu da leda aƙalla mako guda. Foka, injin girgiza ɗanyen kankare, biyu ko uku, da na ajiya, don wajen kan fila rodi zai yi yawa har tsakuwa ta rasa hanyar shiga. In an ce a zuba shi hawa biyu don sauƙi, injiniya ne zai faɗa tun a zane ya sa ringin da zai ɗinke su, ba mu za mu yanke a wurin aiki ba.

Baba Mai Ritaya:
Alhaji ka biya ni. Ƙara da wannan, ɗana. Ka rubuta ƙarfin kankare 30 a zane, amma abin da aka zuba shi ne gaskiya. In ya fito 25, iyakar nan ta sauko 4.0. A ɗebi samfuri daga motoci daban-daban a fasa a kwana 7 da kwana 28, kar a cire turaku sai sakamako ya zo. Rodi kuma ka auna shi da kanka. Na sha karɓar wanda aka sayar a matsayin 16 na tarar da 14.5. Na 16 yankinsa 201 ne, wancan 165, kusan kashi 18 ya tafi. Ka yanki guntaye ka kai a ja su a ɗakin gwaji, in ba haka ba yi lissafinka da ƙarfin rodi 410 maimakon 460.

Injiniyan Yamai:
A ƙara da mai famfo. Bututun ban-ɗakunan sama duka ta wannan dekin za su sauko, kuma sun fi son bin jikin fila don a ɓoye su. Rami a gefen fila yana cinye kewayen huda.

Malamin Kwaleji:
Ƙwarai. A BS 8110 duk ramin da bai kai nisan zurfin aiki sau shida daga fila ba sai an cire inuwarsa daga kewayen. A nan mita 4.35 ke nan, wato kusan ko'ina. A sa kowane rami a zane kafin zubi, a hana fasawa bayan an gama.

Sabon Injiniya:
Akwai abin da ban faɗa ba tun farko. Mai ginin ya ce in bar masa rodi a tsaye a saman rufi, wai ko nan gaba Allah Zai hore.

Hajiya Injiniya:
To ai wannan shi ne kan maganar. Hawa ɗaya 193 sau 1.4 da 27 sau 1.6, kN 313 a kan kowace fila, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kake da shi yanzu. Zauna da shi ka tambaye shi kai tsaye. In yana son hawa na biyar, a lissafa shi yau, daga tiransifa har harsashi, a nemi izininsa a hukuma, ya biya kuɗin ƙarfensa yau. In ba ya so, a lanƙwasa rodin cikin dekin rufi a binne, a rubuta a zane da takardar miƙa aiki cewa ginin nan hawa huɗu ne a kan shaguna.

Baba Mai Ritaya:
Kuma kar ka sa hannu kai kaɗai. Nemi injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, wanda ya taɓa yin irinsa, ba abokinka ba, ka ba shi zanen mai zane kawai ba tare da lissafinka ba, ya sauko da nasa nauyin. In lambobinku sun haɗu, madalla. In kana so turo min, idona bai mutu ba tukuna.

Sabon Injiniya:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Hajiya, Malam, Alhaji da kowa. Gobe da safe zan je wurin mai ginin kan maganar hawa na biyar da wurin tanki. Mai Zane, yanzu zan turo maka shafin matakalar. Zan gwada tsarin manyan bim ɗin in kwatanta kuɗinsa da dekin 800, in kawo muku duka biyun ranar Asabar in sha Allah.

Ɗan Kwangila:
In ka kawo ka haɗo da yawan rodin kowanne a tan, in buga maka farashin kasuwa.